Duban wata a Wurno, Rabah da Goronyo: Aikin sa-kai da ke neman horo kafin azumin 2027

Duk lokacin da watan Musulunci ya kai kwana 29, Fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi kan buƙaci jama'a su fita duban jinjirin wata. Wanda ya gani, sai ya kai labari wurin hakimi ko dagacin da ya fi kusa da shi, daga nan a isar da shi fada. Sanarwar kan fito ne da sa hannun Wazirin Sakkwato, Farfesa Sambo Wali Junaidu, shugaban kwamitin da ke bai wa Majalisar Sarkin Musulmi shawara kan harkokin addini.

Ba a biyan kowa ko sisi a kan wannan aiki. Manomi da mai shayi da ɗalibi da liman duk suna da damar ɗaga kai su duba. Idan aka yi la'akari da yawan masu fita, babu wani aikin kallon sararin samaniya a Najeriya da ya kama ƙafarsa.

Sai dai akasarin mutane ba sa tunawa da shi sai sau uku a shekara: daren azumi, daren ƙaramar Sallah da kuma farkon Zulhijja. Kuma da wuya ka samu wanda aka taɓa zaunar da shi aka nuna masa inda zai duba, da lokacin da zai duba, da abubuwan da kan yaudari ido. A kan shaidar irin waɗannan mutane azumin miliyoyin jama'a da Sallarsu suka rataya.

A ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo, wannan giɓi ya fi fitowa fili, saboda kusancinsu da Nijar da kuma halin tsaron da ake ciki. Amma kuma nan ne wurin da tarihi ya fi ba da hujjar a cike shi.

Darasin Afrilun 2024

Litinin 8 ga Afrilun 2024 ita ce 29 ga Ramadan a Najeriya. Da daren ranar, Fadar Sarkin Musulmi ta ce ba a samu ingantaccen rahoton ganin wata ba, don haka a cika azumi 30, a yi Sallah ranar Laraba. Hukumomi a Nijar kuwa suka ce an ga wata a can, suka yi Sallah ranar Talata. A cikin birnin Sakkwato ma, Sheikh Musa Lukwa ya jagoranci mabiyansa sallar Idi a ranar Talatar, yana mai dogaro da labarin ganin da ya zo daga maƙwabta.

Ga mutumin Goronyo, wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Tsakaninsa da iyaka Gada ce ko Sabon Birni. Akwai auratayya, akwai kasuwanci, akwai 'yan uwa da za su bugo waya ko su turo saƙon murya ta WhatsApp su ce sun sha ruwa, gobe Idi. Sai a wayi gari gida ɗaya wani na azumi, wani na cin tuwon Sallah.

To me sararin samaniya ya nuna a wannan yammaci?

A ranar ce aka yi kusufin rana cikakke a Meziko da Amurka da Kanada. Kusufin rana na faruwa ne idan wata ya ratsa tsakanin duniya da rana, wato daidai gaɓar da tsohon wata ke ƙarewa, sabo ya fara. Masana falaki na kiran wannan gaɓa haɗuwar wata da rana, wasu su ce haihuwar wata. A ranar, haɗuwar ta auku ne da ƙarfe 7:21 na yamma agogon Najeriya da Nijar. A Sakkwato kuwa, rana ta riga ta faɗi tun kafin ƙarfe 7:00, kuma wata ya riga ta faɗuwa.

Wato lokacin da masu duba suka fuskanci yamma bayan faɗuwar rana, babu wata a sama da za a gani. Miliyoyin mutane na kallon inuwarsa a wata nahiyar, kai-tsaye a talabijin da wayoyi.

Yadda mai gaskiya kan yi kuskure

Faɗin haka ba ya nufin duk wanda ya ce ya gani maƙaryaci ne. Mutum kan rantse da Allah a kan abin da idonsa ya nuna masa, alhali ba wata ba ne.

Jinjirin daren farko siriri ne ƙwarai, kamar zare, kuma yana fitowa ne a cikin jan hasken da rana ta bari. Ɗan siririn gajimare da hasken rana ya haska daga ƙasa kan yi kama da shi. Haka ma farin layin da jirgin sama kan bari. Zara, wadda Hausawa ke wa kirari da matar wata, takan yi haske sosai a yamma, ƙura ta ja haskenta ya yi tsawo. Ga kuma ɗoki: wanda ya kwana 29 yana azumi cikin zafin Afrilu, idonsa a shirye yake ya ga abin da zuciyarsa ke so.

Akwai iyakokin da aka daɗe da sani. Watan sama kan ɗauki kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici kafin ya kammala zagayensa. Bayan haɗuwarsa da rana, yana buƙatar lokaci kafin ya yi nisan da haskensa zai bayyana. Masanin nan ɗan Faransa, André Danjon, ya nuna cewa idan tazarar da ke tsakanin wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, jinjirin ba ya ganuwa. Don a gane girman wannan tazara: idan mutum ya miƙa hannunsa ya dunƙule, faɗin dunƙulen a sama kimanin digiri 10 ne.

Mafi ƙanƙantar watan da aka tabbatar an gani da ido zalla yana da sa'a 15 da minti 32 da haihuwa, a shekarar 1990. Da na'urar hangen nesa kuwa, an ga mai sa'a 11 da minti 40 a Iran a 2002. Waɗannan ƙwararru ne da suka san ainihin gurbin da za su kafa ido, a sarari garau. Saboda haka idan aka ce an ga watan da bai wuce sa'a uku ko huɗu ba, akwai dalilin a tsaya a yi tambaya.

Tambayoyin kuma ba masu wuya ba ne. Ƙarfe nawa ka gan shi? A dama da inda rana ta faɗi yake ko a hagu? Ina ƙahonninsa suka fuskanta? Minti nawa ya yi kafin ya ɓace? Su wa ke tare da kai, kuma sun gani? Wanda ya saba duba duk wata zai amsa su ba tare da inda-inda ba.

Fiƙihu bai hana tantancewa ba

Wasu na ɗaukar irin wannan magana a matsayin yunƙurin maye gurbin gani da lissafi. Ba haka ba ne. Umarnin Manzon Allah (SAW) a bayyane yake: a ɗauki azumi da ganin wata, a ajiye da ganinsa, idan ya ɓuya a cika 30. Kuma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a wannan yanki, shi ne ba a tabbatar da kamawar wata da lissafin masanin taurari.

Amma mazhabar ba ta ce a karɓi maganar kowa ba. Ta shardanta adilai biyu, ko jama'a masu yawan da ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Malamanta sun ƙara da cewa idan aka ɗauki azumi da shaidar mutum biyu, aka cika kwana 30, sama na garau amma ba a ga sabon wata ba, to shaidar tasu ta faɗi. Wato sararin samaniya da kansa yana iya ƙaryata mai shaida.

A ɓangaren Shafi'iyya, Imam Taƙiyyuddin as-Subki, wanda ya rasu a ƙarni na 14 Miladiyya, ya tafi a kan cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba, ba a karɓar shaidar wanda ya ce ya gani. Ba duk malamai suka bi shi a kan haka ba, kuma saɓanin na nan har gobe. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, mai shaidar da ya san abin da yake dubawa ya fi wanda bai sani ba.

Gadon da ke Wurno

Masu ganin ilimin taurari baƙon abu ne a ƙasar nan, tarihin Wurno ya ishe su amsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa garin a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake.

A 1824, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato, ya nuna masa kayan awon sararin samaniya da taswirar taurari. Clapperton ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya san burujai duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a tafiyarsa ta biyu, cikin tsarabar da ya kawo masa har da littafin lissafi na Uƙlidis da Larabci.

Ilimin bai tsaya a fada ba. Malaman zaure sun riƙe lissafin manzilolin nan 28, kowace da kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365. Da shi ake sanin shigar bazara da tsakiyar damina da faɗuwar ɗari. Manoman fadamar Rima da masunta da makiyaya sun san Kaza da 'ya'yanta, sun san Gamzaki mai fitowa da asuba. A yau matashi na iya riƙe da waya mai manhajar da za ta nuna masa sunan kowace tauraruwa, amma bai san wadda kakansa ke kira Gamzaki ita ce Zara ba, lokacin fitowarta ne kawai ya sauya.

Yadda wasu suka yi

A 1998, masanin falaki Muhammad Shaukat Audah ya kafa shirin nan na duban jinjirin wata na ƙasashen Musulmi da ake kira ICOP. Mambobinsa masu sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban. Kowane wata sukan fita, su aika rahoto ko sun gani ko ba su gani ba, tare da bayanin wuri da lokaci da yanayin sama. Rahoton "ban gani ba" yana da daraja daidai da na "na gani", domin da su biyun ake gane iyakar abin da ido ke iyawa.

A Maroko, ma'aikatar harkokin addini na da wuraren duba sama da 200 a faɗin ƙasar, kuma duk wata ake fita. Shi ya sa masana ke yawan kafa misali da ingancin sanarwarta. A Senegal, ƙungiyar masu sha'awar falaki da Maram Kairé ya jagoranta takan fitar da bayani kafin azumi da Sallah kan ranar da za a iya ganin wata, ta kuma kafa na'urori a fili jama'a su leƙa.

A gida Najeriya, Kwamitin Duban Wata na Ƙasa da ke ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci na da mambobi masu ilimin falaki. Ɗaya daga cikinsu, Simwal Usman Jibril, ya yi suna wajen wallafa bayanan matsayin wata a shafukan sada zumunta. Haka nan reshen Najeriya na ƙungiyar Astronomers Without Borders, ƙarƙashin Olayinka Fagbemiro, ya sha kai na'urorin hangen nesa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira.

Ke nan akwai masana a sama, akwai jama'a masu niyya a ƙasa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na tsakiya: mutum biyar ko goma a kowace gunduma da aka horar, hakimi ya san su, kuma suke fita duk wata.

Tsaro, hazo da kuɗi

Babban cikas a gabashin Sakkwato shi ne tsaro. A Yulin 2018, 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 30 a Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙaramar hukumar Rabah, lamarin da ya cika garin Gandi da 'yan gudun hijira. Ranar 17 ga Oktoban 2021, an kashe sama da 40 a harin kasuwar Goronyo. A shekarar ce kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. A irin wannan hali, ba wanda zai ce wa matasa su fita bayan gari da almuru. Kalmar "'yan sa-kai" kanta ta ɗauki wata ma'ana a yankin, ta masu ɗauke da makami, don haka duk wanda zai kafa irin wannan ƙungiya sai ya kira ta da sunanta: masu duban wata.

Sai dai duban jinjiri ba ya buƙatar daji ko tsakar dare. Abin da ake nema shi ne wurin da yamma ke buɗe, babu gini ko itatuwa: filin Idi, filin ƙwallon makaranta, saman bene. Aikin kan fara ne da faɗuwar rana, kuma jinjirin daren farko da wuya ya kai awa ɗaya bai faɗi ba. Kafin Isha'i kowa ya koma gida.

Cikas na biyu hazo ne. Ramadan na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. A 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma a shekarun da ke tafe zai riƙa kamawa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura kan haɗiye rana tun kafin ta kai ƙasa. Idan ita rana ma ba a ga faɗuwarta ba, ina ga zaren wata? Wannan ya sa ake buƙatar wuraren duba da yawa a warwatse, domin inda hazo ya rufe Goronyo, yana iya sassautawa a Rabah.

Na uku kuɗi ne, kuma shi ne mafi sauƙi. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na riƙewa a hannu, ya wadatar a fara. Manhajar Stellarium na nuna gurbin wata a kowane gari da kowane lokaci, kuma akwai ta kyauta. Sai littafin rubuta rahoto. Malaman kimiyya na sakandaren yankin za su iya koyon aikin cikin 'yan kwanaki idan sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwamitin Duban Wata suka haɗa hannu, su kuma su koya wa limamai da ladanai da ɗalibai.

Akwai kuma zargin cewa duk mai maganar taurari ɗan duba ne. Maganin wannan shi ne a yi abin a fili, a ƙofar masallaci ko makaranta, da izinin hakimi, malamai na wurin. Wanda ya leƙa na'ura ya ga ramuka da duwatsun da ke jikin wata ba ya buƙatar dogon bayani. Gani ya kori ji.

Ya kamata kuma a buɗe wa mata da 'yan mata ƙofa. Makarantun Islamiyya na da ɗalibai mata masu yawa, kuma tsakar gida ma sama ce a buɗe.

Ranar 6 ga Fabrairun 2027

Akwai ranar da ta dace a sa a gaba. A yammacin Asabar, 6 ga Fabrairun 2027, za a yi kusufin rana mai siffar zobe da zai ratsa gaɓar tekun Afirka ta Yamma, daga Kwaddibuwa da Ghana da Togo da Benin zuwa kudu maso yammacin Najeriya, dab da faɗuwar rana. A Sakkwato da kewaye, wani ɓangare na rana ne zai rufe yayin da take gangarawa.

A kalandar lissafi, ranar ta yi daidai da 29 ga Sha'aban 1448, wato yammacin da za a fita neman watan Ramadan. Haɗuwar wata da rana za ta auku ne da ƙarfe 4:56 na yamma agogon Najeriya. Lokacin da rana za ta faɗi a Wurno, watan bai cika sa'a biyu da haihuwa ba, kuma yana manne da ita. Washegari Lahadi zai kai kimanin sa'a 26, wanda ido ke iya gani idan hazo ya bari. Hukuncin ranar fara azumi dai na Sarkin Musulmi ne.

Wannan dama ce da ba a cika samu ba. Jama'a za su ga wata a gaban rana da idonsu, a daidai yammacin da jita-jitar ganin jinjiri ta saba yawo a waya. Idan an yi musu bayani tun da wuri, saƙon murya daga ko'ina ya zo ba zai ruɗa su ba.

Shirin na da wani amfanin. Kallon rana kai-tsaye, ko da rabinta a rufe, yana ƙona ido, kuma baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. Kallonta ta madubin hangen nesa marar matacin haske na musamman kan makantar nan take. Hanya mafi sauƙi ita ce a huda ƙaramin rami a kwali, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a bango ko a ƙasa. Dole wani ya gaya wa yara wannan kafin ranar.

Ba yau aka fara ganin kusufi a Arewa ba. Ranar 29 ga Maris 2006, gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina. A Janairun 2001 kuwa, husufin wata ya zama sanadin tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka far wa otal-otal da mashaya bisa zaton zunubin da ake aikatawa a cikinsu ne ya jawo shi. Alhali tun ranar da kusufi ya dace da rasuwar ɗansa Ibrahim, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma yi umarni da salla da addu'a. Bayan na Fabrairu, wani kusufin na tafe ranar 2 ga Agustan 2027, wanda zai rufe rana ɗungurungum a Makka da Jidda, a ga wani ɓangarensa a arewacin Najeriya.

Horar da masu duba ba zai kawar da duk saɓani ba. Tambayar ko ganin wata ƙasa na hawa kan wata, da tambayar wa ke da ikon sanarwa, na malamai ne da shugabanni. Amma aƙalla za a daina jayayya a kan abin da ake iya aunawa: wata na sama a lokacin, ko ya riga ya faɗi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ake so ya ba da shaida a kan watan Ramadan, ya kamata a ce ya duba na Rajab da na Sha'aban da waɗanda suka gabace su, an rubuta abin da ya gani, an gwada da na sauran garuruwa. Idan hakiman Wurno da Rabah da Goronyo suka ware mutum goma-goma suka fara daga wata mai kamawa, kafin 6 ga Fabrairun 2027 za su san waɗanda idonsu abin dogaro ne.